Alamomin Kumburi a Cikin Jini da Haɗarin Toshewar Jijiyoyin Zuciya

Alamomin kumburi sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda ake aunawa a cikin jini domin ƙiyasta haɗarin toshewar jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini. Ana auna su ne saboda toshewar ba taruwar kitse kaɗai ba ce. Idan kolestarol mai cutarwa ya kutsa cikin bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini sukan bi shi su haɗiye shi, su taru su zama curi mai kumburi, kuma ranar da curin ya fashe jini ya daskare a kansa, sai bugun zuciya ya auku.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce CRP, furotin da hanta ke fitarwa idan sinadarin intalukin-6 ya zaburar da ita. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano ta a 1930 a jinin masu ciwon huhu. A 2003 hukumomin lafiya na Amurka suka kasa sakamakon gwajinta mai zurfi kashi uku: ƙasa da miligiram 1 a kowace lita haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuma babba. Ana kuma duba fibirinojin, furotin da ke taimaka wa jini ya daskare, da rabon ƙwayoyin nutrofil a kan limfosait, waɗanda nau'o'i biyu ne na fararen ƙwayoyin jini.

An daɗe ana muhawara kan ko kumburin ne ke haddasa cutar ko rakiya kawai yake yi mata. Binciken JUPITER na 2008, mai mutum 17,802 waɗanda kolestarol ɗinsu bai yi yawa ba amma CRP ɗinsu ta haura, ya nuna maganin rosubastatin ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 44 cikin ɗari. Sai dai ban da CRP, maganin yana sauke kolestarol ma, don haka bai raba gardama ba. Binciken CANTOS na 2017 ne ya fi gamsarwa, domin kanakinumab, wani maganin rage kumburi, ya rage maimaituwar bugun zuciya ba tare da ya taɓa kolestarol ba, ko da yake mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ƙaru. Nazarin ƙwayoyin gado kuwa ya nuna CRP kanta manuniya ce kawai, tushen yana wajen intalukin-6.

Fassara sakamakon tana buƙatar hattara sosai. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, har da ƙiba da shan taba, duk suna ɗaga CRP, shi ya sa ake sake gwajin bayan mako biyu idan ya wuce miligiram 10. Haka nan yawancin mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani nau'in jini da ke sa adadin nutrofil ɗinsu ya yi ƙasa alhali lafiyarsu lau, saboda haka ma'aunin da aka tsara a kan Turawa yana iya ɓatar da likita.