Ƙa'idojin burauza

Ƙa'idojin burauza yarjejeniyoyi ne da kamfanonin da ke ƙera manhajar shiga yanar gizo suka amince da su, domin shafi ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Saboda su ne ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi zai cike fom a wayarsa, abokinsa na Gombe ya cike shi a kwamfutar shago, bayanansu duka su isa lafiya.

Tarihi

Tim Berners-Lee ya kafa ƙungiyar W3C a Amurka a 1994 don tsara waɗannan ƙa'idoji, amma kamfanoni ba su jira ta ba. A 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya rubuta JavaScript, harshen kwamfuta da ke sa shafi yin aiki a cikin burauza, ana cewa cikin kwana goma. Shekara na zagayowa Microsoft ya fito da nasa, JScript. Kowane ɓangare ya dinga ƙara abin da abokin hamayyarsa ba shi da shi, sai masu gina shafuka suka koma yin aiki ɗaya sau biyu. A 1997 ƙungiyar Ecma ta fitar da ma'auni guda na wannan harshe, ECMAScript, ko da yake rikicin bai mutu nan take ba.

Wani abin mamaki, dabarar da ta sa shafi ke sabunta kansa ba tare da an sake loda shi ba, Microsoft ne ya shigo da ita wajen 1999 don bukatar kansa. Sauran suka kwaikwaya, aka raɗa mata suna Ajax a 2005, ƙa'idarta kuwa sai daga baya aka rubuta. A 2004 ma'aikatan Apple da Mozilla da Opera suka ware suka kafa ƙungiyar WHATWG, bayan saɓani da W3C kan makomar HTML, harshen da ake tsara shafuka da shi. Ba a daidaita ba sai 2019, lokacin da W3C ta bar musu ragamar HTML.

Tsaro

Ginshiƙin tsaron shi ne dokar asali ɗaya, wadda ta faro daga Netscape a tsakiyar shekarun 1990: shafin wani gidan yanar gizo ba zai karanta bayanan shafin wani gidan ba, ko da an buɗe su a burauza ɗaya. Hakan bai hana kutse ba. A Oktoban 2005 wani matashi ya cusa lambar JavaScript a dandalin sada zumunta na MySpace, ta bazu zuwa asusu sama da miliyan ɗaya cikin ƙasa da kwana guda. A 2014 aka tabbatar da tsarin CORS, wanda ke ba gida damar faɗin waɗanda ya yarda su ɗauki bayanansa.

Halin yanzu

Injunan burauza, wato sashen da ke karanta shafi ya nuna shi, uku suka rage a kan gaba: Blink na Google da WebKit na Apple da Gecko na Mozilla. Masu suka na ganin rinjayen Google ya yi yawa. Kamfanin na cewa Chromium, manhajar da ya gina burauzarsa a kanta, a buɗe yake ga kowa.