Super Bomberman

Super Bomberman wasan bidiyo ne da kamfanin Hudson Soft na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1993 domin na'urar wasa ta gida ta kamfanin Nintendo, wadda ake kira Super Famicom a Japan, a Amurka da Turai kuma Super Nintendo. Wani ƙaramin kamfani mai suna Produce ne ya yi aikin haɗa shi. Ya fara shiga kasuwa a Japan a watan Afrilu, kafin ya isa Amurka ta Arewa da Turai a cikin wannan shekara. Mai wasa yana sarrafa wani ɗan mutum-mutumi ne a cikin fili mai lunguna, yana dasa bama-bamai domin ya rushe katangun da suka tare masa hanya, ya kuma halaka abokan gaba. Abin da ya fito da sunan wasan shi ne sashensa na fafatawa, inda mutum huɗu suke karawa a lokaci guda a gaban talabijin ɗaya, kuma yana cikin wasannin farko da suka ba da wannan dama a wannan na'ura.

Asali

'Yan'uwa biyu, Yuji Kudo da Hiroshi Kudo, su ne suka kafa Hudson a birnin Sapporo na tsibirin Hokkaido a shekarar 1973, kuma daga wani nau'in kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi suka samo sunan. Bomberman na farko ya fito a 1983 a kan ƙananan kwamfutocin gida irin su MSX da NEC PC-8801, aka kuma sayar da shi a Turai da sunan Eric and the Floaters. Wancan wasa na mutum ɗaya ne, kuma jaruminsa wani mutum ne mai hula da ke farautar balan-balan.

Siffar da aka sani a yau ta samu ne a watan Disamba na 1985, lokacin da wasan ya koma kan Famicom, na'urar Nintendo da ta gabaci Super Famicom, da matakai 50. Masu zane sun ɗauko surar mutum-mutumin ne daga abokan gaban da ke cikin Lode Runner, wani wasa da Hudson ya shirya wa Famicom a 1984, shi ya sa a ƙarshen wasan ake nuna Bomberman ya rikiɗa ya zama mutum, wato jarumin Lode Runner ɗin. Wannan fitowa ta 1985 ta yaɗu a duniya fiye da yadda kasuwar Nintendo ta kai, domin ba a cika rasa ta ba a cikin kaset-kaset masu tarin wasanni da ake sayarwa tare da na'urorin kwaikwayo masu arha a Asiya da Gabashin Turai da Afirka. Amma har zuwa lokacin mutum yana wasa ne shi kaɗai da na'ura.

Fafatawa tsakanin mutane da yawa ta kankama ne a 1990 a kan PC Engine, na'urar da Hudson ya ƙera tare da kamfanin NEC, inda mutum biyar suke iya karawa. Sai dai PC Engine ba ta yi kasuwa sosai a wajen Japan ba, saboda haka yawancin gidaje a Amurka da Turai ba su san wannan salo ba sai da Super Bomberman ya kawo shi kan na'urar da take hannun jama'a.

Yadda ake wasan

Ana kallon filin ne daga sama, an yanka shi gida-gida kamar gurabun dara, gida 13 a kwance da 11 a tsaye. A filin da aka saba da shi akwai ginshiƙai 30 da bam ba ya yi musu komai, an jera su a tsallake gida ɗaya-ɗaya, su ne suke mayar da filin lunguna. Tsakaninsu kuma an cika da tubala masu rauni waɗanda wuta take cinyewa. Mai wasa ba ya tafiya a karkace, sai dai sama ko ƙasa ko dama ko hagu, kuma a farkon wasa ba shi da wani makami sai bam ɗaya tak, wanda ba ya iya dasa wani sai na farkon ya tashi.

Idan aka ajiye bam, yakan ɗauki daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ya fashe, wutarsa kuma ta miƙe ta fuskoki huɗu a layi, ta tsaya a inda ta ci karo da ginshiƙi ko tubali. Idan wutar ta taɓa wani bam, shi ma nan take zai tashi ko da lokacinsa bai yi ba, ta haka bam ɗaya kan tayar da biyar ko shida a jere. Ƙa'idar da duk wasan ya rataya a kanta ita ce wuta ba ta san mai ita ba: bam ɗin da mutum ya dasa da hannunsa yana kashe shi kamar yadda yake kashe abokin karawarsa, kuma da zarar ya matsa daga kansa, bam ɗin ya zama katanga, ba ya iya komawa ta wurin.

Ana ganin tasirin wannan ƙa'ida tun daga daƙiƙar farko. Kowane ɗan wasa yana farawa ne a kusurwa, da gida uku kacal a buɗe: wanda yake tsaye a ciki, da ɗaya a gefensa, da ɗaya a sama ko a ƙasansa. Wanda ya ƙware zai matsa zuwa ƙarshen ɓangare ɗaya ya ajiye bam, ya dawo ya sha kwana zuwa ɗaya ɓangaren, ya fake a inda layin wuta ba ya kaiwa. Sabon shiga kuwa sau da yawa a kan kusurwar yake dasa bam ɗin, ya matsa gida ɗaya, sai ya tarar da tubali a gabansa da bam a bayansa, ba abin da ya rage masa sai jiran fashewa. Mutuwa irin wannan, tun kafin a haɗu da kowa, tana cikin abubuwan da aka fi tunawa da wasan.

Kayan ƙarin ƙarfi

A ƙarƙashin wasu tubala akwai alluna da ke bayyana bayan an rushe su, kuma duk wanda ya taka ɗaya ya samu abin da ke jikinsa. Allon bam yana ƙara yawan bama-baman da za a iya dasawa a tare, allon wuta yana ƙara tsawon harshen wutar da gida ɗaya, takalmin taya kuma yana ƙara sauri. Akwai allon shuri, wanda ke ba da damar tura bam ya zame a layi har sai ya bugi wani abu, da rimot mai sa bam ya jira har sai mai shi ya danna maɓalli. Safar dambe ita ce mafi shahara a cikin abubuwan da wannan wasa ya ƙaro: da ita ake naushin bam ya yi tsalle ya haye katanga, idan kuma ya fita ta gefen filin sai ya ɓullo ta ɗaya gefen, abin da ke sa wanda yake can nesa, yana ganin ya tsira, ya ga bam ya faɗo kusa da shi.

Ba kowane ƙari ne alheri ba. Wanda ya tara takalma da yawa yakan yi saurin da zai hana shi shiga lungu daidai, wanda wutarsa ta yi tsawo kuma ya rage wa kansa wurin fakewa. Akwai ma allo mai hoton ƙoƙon kai da ke sa wa mai wasa cuta ta ɗan lokaci: ko ya yi nauyi ainun, ko ya yi gudun da ba ya iya sarrafawa, ko ya kasa dasa bam, ko kuma bama-bamai su riƙa zuba daga jikinsa ba da son ransa ba. Cutar tana yaɗuwa idan aka goga jiki, don haka wanda ya kamu yakan bi sauran da gudu domin ya shafa musu. A nan ne hikimar tsarin take: ƙarfi yana ƙaruwa tare da haɗari, shi ya sa gwani ba ya da tabbacin nasara, koma-baya kuma ba ya fid da rai.

Sashen labari

Wasan mutum ɗaya yana da duniyoyi 6, kowace da matakai 8, jimilla 48, kuma kowace duniya tana ƙarewa da karawa da wani ƙasurgumin abokin gaba. A yawancin matakai aikin shi ne a kashe duk halittun da ke yawo a filin kafin lokaci ya ƙare, sannan a nemo ƙofar fita da ke ɓoye a ƙarƙashin wani tubali. Idan wuta ta taɓa ƙofar, wasu sabbin halittu ne za su fito. Labarin bai da zurfi: wani mugun attajiri, Carat Diamond, da masanin kimiyyarsa Dr. Mook suna son satar fasahar Bomberman domin ƙarfafa mutum-mutumansu, sai Baƙin Bomberman, wanda a wasannin baya abokin gaba ne, ya haɗa kai da Farin Bomberman domin su murƙushe su. Mutum biyu suna iya yin wannan sashe tare, kuma ana ci gaba daga inda aka tsaya ta hanyar lambar sirri, tunda kaset ɗin ba ya ajiye ci gaban mai wasa. Kiɗan wasan yana da alaƙa da Jun Chikuma, mawaƙiyar da ta tsara sautukan jerin tun daga zamanin Famicom.

Sashen fafatawa da Super Multitap

Super Nintendo tana da kafar hannun wasa biyu ne kawai, saboda haka Hudson ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna Super Multitap, wadda ake soka ta a kafa ta biyu ta buɗe kafofi huɗu. A Amurka ta Arewa an sayar da ita a kwali ɗaya da wasan, kuma daga baya wasu wasanni, kamar Secret of Mana da NBA Jam, sun amfana da ita. Duk da cewa da ita ana iya haɗa hannu biyar gaba ɗaya idan aka ƙirga da kafa ta farko, Super Bomberman na farko huɗu yake amfani da su, wato fari da baƙi da ja da shuɗi, kowanne a kusurwarsa. Idan mutane ba su cika ba, na'ura tana riƙe sauran gurabun, kuma ana iya zaɓar iya ƙwarewarta.

Kowane zagaye minti biyu ne, wanda ya rage a raye shi ne ya ci kofi, kuma 'yan wasa ne ke tsayar da yawan kofunan da za a tara kafin a ce an yi nasara. Idan lokaci ya kusa ƙarewa ba a samu gwani ba, sai tubala masu nauyi su fara faɗowa daga gefen filin suna zagayowa ciki, su danne duk wanda suka samu, su kuma matse waɗanda suka rage a tsakiya. Wannan dabara ce ta hana masu ɓuya su ja wasa. Filayen fafatawa 12 ne, kuma kowanne da halinsa. A wani akwai bel mai tafiya da ke ɗauke mutum da bam ɗinsa, a wani akwai bututu da ke ɓoye abin da ke cikinsa, a wani duhu ne sai inda fitila ta haska, akwai mai ramukan da ke jefa mutum wani wuri, akwai kuma wanda kowa ke farawa da cikakken ƙarfi, inda zagaye kan ƙare cikin ƙiftawar ido.

Dalilin da ya sa wannan sashe ya yi fice ba ɓoyayye ba ne. Filin duka yana kan fuskar talabijin ɗaya, ba a raba ta gida huɗu ba, don haka kowa yana ganin abin da kowa ke yi, har da 'yan kallo da waɗanda aka riga aka fitar. Maɓalli ɗaya ya isa a fara wasa, ta yadda yaro da babba suna iya zama tare, amma ƙwarewar tana da zurfi: sanin lokacin da kowane bam zai tashi, lissafin inda wuta za ta bi idan bama-bamai suka haɗu, da iya rufe abokin karawa a lungu da bam ɗaya a gabansa, wani a bayansa. Gajartar zagaye kuma tana sa wanda aka fitar bai daɗe yana jira ba. Idan aka auna sassan biyu, sashen labari ya fi kama da makarantar koyon ƙa'idoji, kuma mujallun wasanni na lokacin sun fi yabon fafatawar.

Abin da ya biyo baya

Super Bomberman 2 ya fito a 1994, sai na uku a 1995, wanda ya kai 'yan wasa biyar, ya kuma shigo da wasu dabbobin hawa masu kama da kangaru da ake kira Louie, waɗanda suka fara bayyana a Bomberman '94 na PC Engine. Na huɗu da na biyar, na 1996 da 1997, a Japan kaɗai aka sayar da su a zamaninsu. Saturn Bomberman na 1996, a kan na'urar Sega Saturn, ya kai mutum goma a fili ɗaya. Yunƙurin sauya fasalin wasan bai cika yin armashi ba: Bomberman 64 na 1997 ya koma fili mai zurfi, inda wuta take fashewa a dunƙule maimakon a layi, Bomberman: Act Zero na 2006 kuma, wanda ya mayar da jarumin wani mayaƙin ƙarfe mai ban tsoro, ya sha suka ƙwarai.

Kamfanin Konami ya mallaki mafi yawan hannun jarin Hudson a 2005, ya kuma haɗiye shi gaba ɗaya a watan Maris na 2012, don haka jerin yana hannunsa yanzu. A 2017 ya dawo da sunan da Super Bomberman R, wanda ya fito rana ɗaya da na'urar Nintendo Switch yana ɗaukar 'yan wasa takwas. Daga baya aka yi Super Bomberman R Online, inda mutum 64 suka riƙa karawa ta intanet har zuwa lokacin da aka rufe shi a 2022, sai Super Bomberman R 2 a shekarar 2023.