Yadda ƙirar kwinon ke sauya aikin magani

Kwinon ɗin nan, shi ne kwinin na zazzaɓi?

A'a, sunan ne kawai ya yi kama. Kwinon zobe ne na ƙwayoyin zarra shida na kabon, biyu daga cikinsu kowace tana riƙe da oksijin da ɗauri biyu. Bakteriyar cikin ƙasa, musamman jinsin Streptomyces, suna ƙera sinadarai masu wannan zobe. Sinadaran suna kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma dafinsu ya yi wa jikin mutum yawa, shi ya sa aka fi amfani da su wajen yaƙar ciwon daji.

To, me zoben yake yi?

Aikinsa karɓa da miƙawa. Yakan karɓi elektiron, wato ɗan ƙanƙanin ɓangaren zarra mai cajin lantarki, daga sinadaran cikin ƙwayar halitta, ya miƙa wa oksijin, ya koma yadda yake, ya sake karɓo wani. Oksijin ɗin da ya karɓa sai ya zama mai ɓarna, yana lalata DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) da bangon ƙwayar halitta, balle idan akwai sinadarin ƙarfe a kusa. Abubuwan da ke maƙale a gefen zoben su ne ke sa karɓar ta yi sauƙi ko ta yi wuya.

Ɗan ƙaramin canji zai iya sauya magani?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Daunorubisin da doksorubisin duka daga Streptomyces peucetius aka samo su a shekarun 1960. Kowanne yana da zobba huɗu a jere, ɗaya daga cikinsu kwinon ne, shimfiɗaɗɗu, masu kutsawa tsakanin matakan DNA, da wani sukari mai taimaka masa ya kama da kyau. Bambancinsu rukuni ɗaya ne tak na oksijin da haidirojin a kan kabon na 14. Amma na farkon an fi ba da shi ga sankarar jini, na biyun kuma ya kai har ga sankarar mama da ta mafitsara. A epirubisin ma, wani magani ɗan'uwan doksorubisin, ba a ƙara komai ba: an juya fuskar rukuni ɗaya ne a jikin sukarin, sai hanta ta fi saurin kawar da shi.

Duka haka suke aiki?

Mitomaisin C, wanda aka gano a Japan a shekarun 1950, hanyarsa daban. Lami yake har sai zobensa ya karɓi elektiron. Daga nan wani ƙaramin zobe mai kusurwa uku ya buɗe, maganin ya ɗaure igiyoyin DNA biyu da juna, su kasa rabuwa.

Me ya sa ake tsoron illar su doksorubisin ga zuciya?

Tsokar zuciya tana cin oksijin da yawa, garkuwarta daga wannan ɓarna kuma ba ta da ƙarfi. Illar taruwa take yi, don haka likitoci ke lissafa jimillar doksorubisin da majiyyaci ya taɓa karɓa, ba a so ta wuce miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa.