Koren shayi da maganar hasken fata

Ranar awon da ta wuce, wata amarya ta ciro kwalbar mai daga jaka ta miƙo min. A jikin kwalbar an zana ganye kore shar. Ta ce mai tallar ya rantse mata cewa na koren shayi ne zalla, ba bilicin ba. Sati uku da fara shafawa fuskarta ta yi fayau, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin, ga ƙananan jijiyoyi sun fito a kumatu. Na ce mata, "Ƙanwata, wannan ba aikin ganyen shayi ba ne."

Launin fatarmu daga wani sinadari yake zuwa, melanin. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin fata suke ƙera shi, kuma yawansu kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari da wankan tarwaɗa. Bambancin yana wajen yawan abin da suke fitarwa da irinsa. Akwai wani sinadari mai suna tairosines da ke kunna wannan aiki, kamar yadda tsami ke tayar da ƙullu. Melanin ɗin nan shi ne laimarmu. Duk wadda ta taɓa roron gyaɗa ko yankan riɗi a ranar Jigawa ta san abin da fata ke sha.

To ina koren shayi ya shigo? Ganyensa ɗaya ne da na baƙin shayi, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila, sarrafawa ce ta raba su, kuma shi ne atayar da samari ke dafawa a kan gawayi daga Gumel har Maigatari. A cikinsa akwai sinadaran folifenol, babbansu ana kiransa EGCG. Masu bincike sun zuba shi a kan ƙwayoyin fata da aka raina a ɗakin gwaji, da yawa na ɓeraye, suka ga yana rage ƙarfin tairosines, melanin ya ragu. Wannan gaskiya ne, kuma da ita 'yan kasuwa ke fakewa. Amma ƙwayar da ke cikin faranti ba ta da hanji, ba ta da hanta. Idan kika sha shayi, kaɗan ne daga EGCG ke shiga jini, jiki kuma ya yi saurin fitar da shi. A cikin man shafawa ma yana lalacewa da zafi da iska. Babu tabbatacciyar hujja cewa shan sa ko shafa shi yana mayar da baƙa fara.

Saboda haka man da ya haskaka ki cikin sati biyu ko uku, ki yi zargin akwai wani abu a ciki: sitiroyid (maganin kumburi da ƙaiƙayin fata), ko haidirokwinon (sinadarin dusashe launin fata), ko zaiba. Sitiroyid na sa fata sirancewa, ya kawo nankarwa da kuraje, ciwo ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyata ya wahalar. Zaiba na lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ganin uwa tana shafa wa jaririya. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Shan shayin kansa ba laifi. Sai dai mai juna biyu ta rage, kuma kada ta haɗa shi da abinci ko ƙwayar ƙarin jinin da muke bayarwa, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Ta bar aƙalla awa guda tsakani. Ƙwayoyin koren shayi na rage ƙiba kuwa a guje su: a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 800 na EGCG a rana na iya taɓa hanta.

Idan kin daɗe kina shafa irin man nan, kada ki yanke shi rana ɗaya, fata na iya yin bore. Ki zo asibiti da kwalbar a hannunki, mu duba tare, mu tsara yadda za ki janye a hankali.