Bolt, amp, om da wat: tambayoyin da aka fi yi min a shago

Aikin wayarin nake yi a nan Jos, kuma da zarar hunturu ya kama, kowa ya fito da hitarsa, sai soket ya fara narkewa a gidaje, mutane su yi ta zuwa da tambayoyi iri ɗaya. Bari in amsa su a nan gaba ɗaya in huta.

Oga, mene ne bambancin bolt da amp?

Ka ɗauki tankin ruwa a saman gini. Ƙarfin da ke tura ruwan cikin bututu shi ne bolt, yawan ruwan da ke wucewa kuma shi ne amp. Matsewar bututun ita ce turjiya, wadda ake aunawa da om. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, batirin mota kuwa 12.

To ya ake gano turjiyar?

Ka raba bolt da amp, shi ke nan. Wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ya fitar da wannan ƙa'ida a 1827, sunansa ne ma aka sa wa ma'aunin. Misali hitar nan da ake tsoma wa a bokiti, in ka kama wayarta da mita ka ga tana jan amp 4.35 a kan bolt 230, sai ka raba 230 da 4.35, zai ba ka kusan om 53.

Wat ɗin fa?

Shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da kaya ke ci, kuma ninkawa ake yi, bolt sau amp. 230 sau 4.35 ya ba ka wat 1,000, abin da ke rubuce a jikin hitar ke nan. Amma gaskiya ni a wajen aiki na fi juya lissafin, domin wat ɗin a rubuce yake a jikin kaya, amp ɗin ne ba a gani, kuma shi ne ke ƙona waya. Sai in raba wat da 230 in san abin da wayar za ta ɗauka.

Me ya sa ekstenshan ɗina ke narkewa alhali sabo ne?

Kwanaki wata Hajiya ta kira ni Unguwar Rogo, na tarar bakin soket ɗin ya yi baƙi ƙirin, robar ta lanƙwashe tana warin ƙauri. Na ce Hajiya me da me kike jonawa? Ta ce ai ba komai ɗana, butar shayi ce da dutsen guga sai hitar wanka. Butar wat 2,000 ce, dutsen guga 1,200, hita 1,000, jimla 4,200, ka raba da 230 ya haura amp 18. Fulogin nan mai ƙafa uku amp 13 aka yi shi ya ɗauka, wato wat 3,000 ma bai cika ba, kuma da na buɗe shi sai na ga wani ya cire fiyus ɗin ya naɗa zaren waya a wurin, to ina abin da zai katse wutar? Sannan zafin waya ba daidai yake tafiya da amp ba, in amp ya ninka biyu zafin sau huɗu yake ƙaruwa, don lissafinsa amp sau amp sau om ne. Ekstenshan na araha kuma wayarsa siririya kamar tsinken tsintsiya, turjiyarta ta fi yawa.

In wuta ta zo ba ƙarfi me ya sa ruwa ke ƙin tafasa?

Turjiyar hitar tana nan wajen om 53, bolt ne ya faɗi. A ce ya dawo 160, ka raba da 53 amp 3 ne da ɗan ɗoriya, ka ninka da 160 ka samu wat 480 da 'yan kai. Kashi 30 cikin 100 na bolt kawai ya tafi amma fiye da rabin zafin ya bi shi, kai kuma kana tsaye da tawul a sanyin Jos kana zagin hita.

Me ya sa wayar batirin inbata ke da kauri haka?

Wat 1,000 ɗin nan dai, a kan bolt 12 amp 83 ne, ban da asarar inbatar kanta. A wutar gida amp 4 da wani abu ne kacal. Duk wanda ya haɗa maka batir da wayar kwan fitila ba masoyinka ba ne.

Lissafin yana aiki a kan firij da fanka?

Ba ɗari bisa ɗari ba. Kayan da ke da moto, irin firij, fanka da injin ruwa, bolt sau amp ɗinsu ya fi ainihin wat ɗin da suke ci, shi ya sa ake rubuta kVA, wato bolt sau amp a dubbai, a jikin janareta, kuma ana yawan ninkawa da 0.8 a samu kilowat, wato wat a dubbai. Firij ma lokacin tashi yana fizgar amp ninkin-ba-ninkin, ka bar masa sarari.

Zan iya auna om ɗin kai tsaye da mita?

Sosai, amma ka zare kayan daga wuta tukuna, in ba haka ba mitar ce za ta fara lalacewa. Kuma kar ka rikice in ka auna tsohon kwan fitila mai zare na wat 60 ka ga adadi kaɗan. Lissafi zai ce om 880, to wannan sai ya yi zafi ne, a sanyi ko kashi ɗaya cikin goma da kyar yake kaiwa.