Sirrin majinyaci a hannun mai koya masa riƙe cokali

A manyan asibitoci akwai ma'aikatan da a Turance ake kira "occupational therapists", waɗanda aikinsu shi ne mayar da mutum kan harkokinsa na yau da kullum bayan ciwo ya kayar da shi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, su ke koya masa sake riƙe cokali, ɓalla maɓallin riga, yin alwala da hannu ɗaya. Aikinsu daban yake da na masu gashin ƙashi, ko da yake a Najeriya hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista, wato MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa.

Mai irin wannan aiki yakan san abin da ko dangi ba su sani ba: wane ne fitsari ke kufce wa, wane ne ba ya iya kama ruwa da kansa. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk wannan sirri ne. Ba a fitar da shi sai majinyaci ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko iyaye ko waliyyi sun nema a madadin yaro ko wanda ba zai iya ba da izini da kansa ba, ko kuma rufewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Ka lura, babu "wanda ya biya kuɗin asibiti" a ciki. Yayan majinyaci zai tare ma'aikaciya a baranda ya ce, "Hajiya, ni fa nake ɗawainiyarsa, ki gaya mini gaskiya." Ko da zuciya ɗaya ya tambaya, in dai ƙanin nasa baligi ne mai hankalinsa, sai da izininsa.

Inda abin ke ɗaure kai shi ne direban motar haya da hannunsa bai gama dawowa ba, ga iyali na jiran cefane, ya ce gobe zai koma tasha. A sanar da mai motar? A ganina, gudu a kai rahoto kuskure ne. Sashe na 23 na wannan Dokar Lafiya ya wajabta a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki, da haɗarin ƙin bin shawara, cikin harshen da yake ji. Sai a zaunar da shi, a gwada ƙarfin damƙarsa a gabansa ya gani da idonsa, a rubuta komai a fayil. In ya kafe, ma'aikaci ya kai maganar ga likitan da ke kula da shi da shugabannin sashe, su auna tare ko lamarin ya kai haɗarin da doka ta ambata.