Kendo: Me ya sa sai an fara da ƙafa kafin sara?

Masu fara koyon kendo, wasan takobin Japan da ake yi da shinai, sandar nan ta gora mai tsagi huɗu, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi yi.

Tambaya: Ni sara na zo koya, me ya haɗa ni da jan ƙafa a ƙasa?

Amsa: Ai ɗan'uwa ƙafar ce ke kai ka wajen saran, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Tsayuwar ita ce ƙafar dama a gaba, ta hagu a baya, yatsu duka suna kallon gaba, dunduniyar hagu a ɗan ɗage kaɗan. Tafiyar da za a fara koya maka sunanta okuri-ashi, ka tura da ta hagu, ta dama ta zame gaba ba tare da ka ɗaga ta ba, sannan ta hagun ta biyo da sauri amma kar ta wuce ta dama. Ba takalmi, a kan daɓen katako. Satin farko ƙasan ƙafarka ta hagu zai yi bororo wajen gindin babban yatsa, kowa sai da ya yi shi, ka wanke ka manna filasta ka ci gaba a hankali.

Tambaya: Wai mene ne ki-ken-tai-icchi da malamai ke ta nanatawa?

Amsa: Nan fa maganar take. Ma'anarsa zuciya da takobi da jiki su zama abu ɗaya, wato ihun da ka yi na kiran wurin da ka nufa, ko men (kai) ko kote (wuyan hannu) ko do (gefen ciki), da saukar shinai da bugun ƙafar dama a ƙasa da ake kira fumikomi, duk su faɗo lokaci guda. Ka saurara da kunnenka, in ka ji tas sannan dum to sun rabu, ƙara ɗaya ake so. Yawancin sababbi hannu ke riga ƙafa saboda ɗokin su taɓa abokin wasa, sai ka ga mutum ya sunkuyo, ƙugu ya tsaya a baya, ƙafar hagu an manta da ita can. A gasa alƙalai uku ne, sai aƙalla biyu sun ɗaga tuta ake ba da maki, kuma wallahi ko ka samu mutum a tsakiyar kai in jikinka bai zo tare da saran ba ba za su ɗaga ba.

Tambaya: A gida fa, me zan yi?

Amsa: Suburi, sara a iska. Taku ɗaya gaba da sara ɗaya, taku ɗaya baya da sara ɗaya, ka daidaita tsayawar shinai da isowar ƙafar da ke biyowa. Ƙarfin a hannun hagu yake, na dama saiti ne nasa. Guda 30 masu kyau a hankali sun fi 300 na gaggawa a wajena. Amma don Allah kar ka gwada fumikomi a kan siminti ko tayil, dunduniya da gwiwa za ka lalata, ka bari sai ka samu katako.

Tambaya: Yaushe zan sa sulke?

Amsa: Ya danganta da malaminka, galibi sai bayan wasu watanni, in ya ga ƙafar hagunka ta daina makara.